Fitilar da Na Saya wa Baba

…kuma ba wai ban san kalmar ba ne, Baba. Na san ta. Shekara tara ina rubuta ta a allo, in ja mata layi da alli, in sa 'yan aji su yi ta maimaitawa har ta zauna musu a baki. Ga ta yanzu a takardar likita, layi na uku, cikin rubutunsa na watsal-watsal, kuma sunanka ne a gabanta. Sunanka. Na ninke takardar, na buɗe, na sake ninkewa. Ba ta je ko'ina ba.

Inna ta sake zungurina da gwiwar hannu. Karo na uku ke nan. "Me suka ce a ciki?"

Na ce wadda zan kai wa shugaban makarantarmu ce, don a ƙara min kwanakin hutu. Ba ƙarya na yi ba… amma ba abin da ta tambaya ke nan ba, kuma ta san na sani. Ta gyara mayafi, ta mayar da ido kan ƙofar ɗakin da kake kwance.

Biyu da kwata. Likita ya ce ƙarfe huɗu. Ƙarfe huɗu za su raba tiyon da ke maƙogwaronka da na'urar da take yi maka numfashi tun shekaranjiya, su tsaya su gani — za ka ja da kanka, ko ba za ka ja ba? In ka ja, a zare tiyon. In ba ka ja ba, su mayar, sannan a kira mu ofis a yi wata maganar da ya ƙi kiran sunanta. Haka ya faɗa yana duban agogon hannunsa, kamar mai sa lokacin taron malamai. Su gani. Mu ma mu gani, daga kan bencin nan mai gajeriyar ƙafa ɗaya, da duk wanda ya motsa sai ya ƙwanƙwasa ƙasa.

To da wace kalma zan faɗa mata? In ce an shaƙe ka? Za ta ce wa ya shaƙe shi. Shaƙewa sai da hannu, sai da mai hannun. In ce an maƙure ka — shi ma haka. In ce numfashinka ya sarƙe? Wannan na wanda ya kwankwaɗi ruwa da gaggawa ne, a bubbuga masa baya, ya wartsake, a yi dariya. Ita kuwa ta Turancin nan ba ruwanta, duk wanda iska ta ƙare masa nata ne, da hannu ko ba hannu. Haka nake gaya wa yara. In jera misali uku a ƙasa, kullum su ne dai: hayaƙi a rufaffen ɗaki, leda a fuskar jariri, cunkoson jama'a inda babu taga. Wanda ya kawo na huɗu in ba shi maki. Wata ta ce bargo mai nauyi, wani ya ce but ɗin mota. Ni ban taɓa cewa rijiya ba. 'Yar mai haƙar rijiya, shekara tara da alli a hannu, ko sau ɗaya misalin bai zo min daga gidanmu ba… ko ya zo na kore shi ne? A makaranta in an tambayi sana'arka, cewa nake "yana harkar ruwa," in yi maza in canza magana.

Tsohuwar rijiya ce, in ji Baffa. Shekara bakwai a rufe da marfin siminti a bayan gidan wani mai shago, sai da famfo ya daina kawo ruwa ya tuna da ita. A zo a yashe masa. Kuka ɗage marfin, ka ɗaura igiya a ƙugu, ka sauka, ƙanenka yana sama yana sako maka ita kamar yadda yake yi tun kafin a haife ni. Ya ji ka kai ƙasa, ya ji ka taka ruwa. Ya kira ka. Ya sake kira. Sai igiyar ta yi wani nauyi da ba na mai tsaye ba ne. Ya kwarma ihu, mutum huɗu suka taru, suka ja —

A'a. Ba zan bi ta nan ba. Ba yanzu ba.

Haushi nake ji, Baba, gara in faɗa. Haushin mai shagon da ya tsaya muku a ka, a yi sauri, a yi sauri. Haushin Baffa da ya tsaya kira har sau biyu maimakon ya ja tun na farko. Naka ya fi. Shekara sittin da huɗu! Wa ya aike ka? Sau nawa na ce ka ajiye igiyar nan, in kafa maka ɗan tebur a ƙofar gida ka zauna kana sayar da batir da sabulu kamar sa'o'inka? Ka ce zaman tebur na masu ciwon baya ne. Na ce ramin fa, na masu me ne? Sai ka juya wajen Inna, ka kanne ido. "Malama ta yi magana, a tafa mata." Ku yi ta dariya ku biyu, ni ina gefe ina cika ina batsewa.

Ban yi ƙoƙari ba? Faɗa min. Dogon takalmin roba na saya, ka ce yana hana ka jin bangon rijiya da yatsun ƙafa, yana can ƙarƙashin gado gizo-gizo ya tare a ciki. Hular kwano na saya, ruwan ɗorawa, mai maɗauri har haɓa — Inna ke zuba albasa a cikinta. Safar hannu kuwa ko ledarta ba a ɓare ba. Abu ɗaya tak ka karɓa, tocilar goshi. Ita kam ka ɗaura ta. Har wurin mai shayi ka je da ita da rana tsaka, kana kunnawa kana kashewa, "Uwata ce ta saya min." Aka zo aka ba ni labari, na taɓe baki kamar ban ji daɗi ba. Na ji. Har cikin ƙashina na ji.

Tagar barandar nan ba ta buɗuwa. Na gwada ɗazu, an yi mata fenti ita da firam ɗinta har sun manne. Fanka tana juyawa, tana kwaso warin maganin goge ƙasa daga wancan gefe ta kawo wannan. Mai shara ta zo da sandar gogenta, na ɗaga ƙafa, Inna ta ɗaga, ta goge ƙarƙashinmu ta wuce. Wata mata a bencin gaba tana ɓare lemo, tana tara ɓawon a cinya. Ya mutum zai iya cin abu a nan? … Jiya ni ma na ci.

Ta ɗan gilashin da ke jikin ƙofa ƙafafunka kawai ake hangowa. An wanke su tas. Ban taɓa ganin ƙafarka babu laka a tsakanin yatsu ba, ko ranar da kake hutu. Ba su yi kama da naka ba.

Da Turanci likitan ya yi min bayani, don ya ji an ce malama ce, ni ma na gyara murya na riƙa amsawa da Turanci — ka ji iyayi, ubana a kwance ni ina lura da lafazina. Ya ce iskar da ke kwantawa a gindin rufaffiyar rijiya ba ta wari, ba ta da launi, ba ta yi wa kowa gargaɗi. Shaƙa biyu, uku, sai ƙafa ta saki. Ya ce abin da ba su sani ba shi ne minti nawa ƙwaƙwalwa ta yi babu iska mai kyau. Ko da ka yi numfashin, ya ce, ba lallai ne ka… sai ya bar ta a nan. Na gyaɗa kai kamar an miƙo min jadawalin jarrabawa.

Minti nawa? Bari in gani. Siririn hannun agogo yana kan sha biyu, na rufe baki, na toshe hanci da mayafi kamar mai jin wari. Goma. Ashirin. Ba komai ai. Talatin — ƙirji ya fara bugun ƙofa. Talatin da biyar, kunnuwana suna ƙara, arba'in, arba'in da… Na saki. Na ja iskar maganin goge ƙasan nan kamar turare. Arba'in da uku. Ko minti ɗaya ban kai ba, a zaune, a kan benci. Kiran farko, kira na biyu, ihu, kafin mutum huɗu su ji, su ajiye abin da ke hannunsu, su zagayo ta bayan gida, su kama igiya… Inna ta dube ni. Na ce tari ne.

Waya tana rawa a jaka. Malamar da ke riƙe min aji ce, wai a wane shafi na tsaya. Na kife ta.

Uku saura goma. Ga Baffa. Tafiyarsa ta canza, jan ƙafa yake, tafukan hannunsa a naɗe da bandeji don igiya ta ɗaye masa fata. Kwana uku bai haɗa ido da ni ba. Na ce kunyar laifinsa ce, na kuma bar shi da ita, ko sannu da hannu ban yi masa ba. Inna ta tashi za ta je wanke fuska. Ya jira sai da ta sha kwana, sannan ya matso ya ajiye min ƙullin leda a cinya. Kayanka ne, mai shagon ya aiko da su.

Hula. Silifas, ɗaya ya tsinke an ɗaure shi da waya. Rigar da ka tuɓe ka rataya a katanga kafin ka sauka, da warinka a jiki. Sai tocilar, laka ta bushe a maɗaurinta.

"Tana ci," in ji Baffa, idonsa a ƙasa. "Ko da muka fito da shi tana ci a goshinsa."

Ya koma can ƙarshen benci. Benci ya ƙwanƙwasa.

Na danna. Ta kama, fari fat, har ta haska bango da rana tsaka. To da fa? Ba ta banza na saya ba. Wanda ya sayar min a gabana ya tsoma ta a bokitin ruwa, ya fito da ita tana ci. Ya ce ko ruwa, ko guguwa, ko faɗuwa, ba abin da ke kashe ta. Shi ya sa ma na zaɓe ta. Me ya sa Baffa zai gaya min wannan? Yabo ne? A rana irin ta yau? Na kashe. Na kunna. Ba abin da ke kashe…

Na tuna, shekarata bakwai, ko takwas. Ina tsaye da flas ɗin shayin da Inna ta ce in kai muku, raɓa ta jiƙa min ƙafa. Kana tsugune a bakin rami. Ka ɗaga ƙwan fitilar nan taka ta kananzir, ka ƙyasta ashana, ka rage lagwani har wutar ta koma kamar ƙwayar wake. Ka ɗaura mata siririyar igiyarta — tata ce ita kaɗai, ba a ɗaure komai da ita. Ka fara sakinta a hankali, a hankali. Ba mai magana. Baffa ma da bakinsa ba ya rufuwa ya yi tsit. Kun sunkuya ku biyu kuna kallon ɗan jan ɗigo yana ƙara nisa. Na ce Baba gari fa ya waye, me za ka yi da fitila? Ba ka ɗago ba. "Ita ce babba, Uwata. Ita ke fara shiga. In ta yarda sai mu bi ta."

Na ɗauka wasa ne irin naka.

Akwai ranakun da kake dawowa ƙarfe tara na safe, riga tsaf, ba ɗigon laka. Inna ta fito da ludayi a hannu, lafiya? Ka ce, "Fitila ta ƙi." Shi ke nan. Ta tafa hannu ta ce wannan fitila ai ita ce mai gidan nan. Washegari ku koma da tsohuwar lema, ku buɗe ta, ku ɗaura a igiya, ku yi ta saukarwa kuna jawowa, saukarwa kuna jawowa, har hantsi, kamar masu yi wa rami fifita. Sannan a sake tambayar fitila. Da na girma na sa wa abin suna: camfi. Har labari nake bayarwa a ɗakin malamai. Ba na cewa ubana, cewa nake "wani tsoho a unguwarmu," a yi ta ƙyalƙyala dariya. Wai sai fitila ta ba shi izini.

Ajin da ke jikin nawa na malamin kimiyya ne. Duk zangon farko sai ya yi shi — kyandir a kan faranti, a kife masa kofin gilashi, yara su yi ta ƙirgawa da ƙarfi ina jin su ta bango, goma, sha ɗaya, sha biyu… sai ihu, ya mutu! Shekara tara ina jin ihun nan. Har tsaki nake, don suna hana ni darasi. Kuma na san dalili. In an tambaye ni a takarda zan cinye makin duka: wuta da mutum iska ɗaya suke sha, inda ta kasa rayuwa shi ma ba zai rayu ba. Na sani. A makaranta na sani. Daga makaranta zuwa gidanmu tafiyar minti ashirin ce, ban taɓa ɗauko sanin nan na shigo da shi gida ba.

Aikin fitilar ke nan. Ta mutu. Ta mutu kafin kai…

Na cusa tocilar a leda, ashe ban kashe ba, ledar duk ta yi haske a cinyata. Na lalubo maɓallin da ƙyar.

Uku da kwata.

A'a. Tsaya. Tsaya tukuna. Ai shekara arba'in kana aikin nan, ba yaro ba ne kai. Ka san bambancin wuta da batir. Ba za ka taɓa sauka ba tare da…

Na matsa kusa da Baffa. Na ce, ba ku saukar da wuta ba?

Ya ce, "Muna sa kyandir a guga, tun da… muna sawa. Wani lokacin. Ranar ba mu ɗauko ashana ba. A gindin tsohuwar fitilar ake ɗaure ta, a ɗan gwangwani, in ka ɗauki fitila ka ɗauki ashana." Ya dubi bandejinsa. "Na ce bari in je in samo. Babanki ya ce mun daɗe ba mu gamu da mugun rami ba." Sai ya ɗago, karon farko a kwana uku. "Ƙaddara ce, 'yata. Kada ki sa komai a ranki."

Ashe ba kunyarsa yake ɓoyo ba. Tawa yake riƙe min, da hannuwan nan da ban ce wa sannu ba. Gara ya zage ni. Wallahi gara ya miƙe a barandar nan ya nuna ni da yatsa, mai lemo ta ji, mai shara ta ji. Wannan sassauta muryar tasa ita ce za ta ƙarasa ni.

Wata huɗu ke nan. Hutun ƙarshen zango, na zo na ɗaure ɗankwali na ce yau sai na ga bayan tarkacen gidan nan. Ka san ni in na tashi. Kana tari a lokacin, mai naci, na leƙa ɗakin kayan aikinka na ga fitilar rataye a ƙusa — baƙa ƙirin, ƙwanta ya tsage an ɗaure da waya, ɗakin duk ƙaurin kananzir. Na ce ga mai sa ka tarin nan. Mai sayen tsofaffin ƙarafa yana wucewa da kurarsa yana kira, na haɗa masa ita da mataccen risho da murafan da tukwanensu suka daɗe da mutuwa. Ya ɗora a sikeli. Ko nauyin kirki ba ta yi ba. Gwangwanin yana gindinta yana ƙara, ban ma buɗe na ga me ke ciki ba. Siririyar igiyar kuwa na kwance ta na ɗaura a tsakar gida. A kanta Inna ke shanya har yau.

Ka dawo da yamma na tare ka da kwalin tocilar. Ka buɗe, ka juya ta, ka sake juyawa. Sai ka wuce ni ka leƙa ɗakin. Ka tsaya kana kallon ƙusar. Ina bayanka ina zuba — ana yi mata caji, ba hayaƙi, hannunka biyu a sake, duniya fa ta ci gaba. Ka juyo. Ka ce, "Uwata, ita waccan ai ba don gani—"

Na tari numfashinka. Na ce Baba don Allah, kullum kai da tsohon yayi, sau ɗaya dai ka karɓi abu daga hannuna babu gardama. Har da ƙwalla, ina jin na yi. E, na yi. Na ce takalmi ka ƙi, hula ka ƙi, don ni mace ce? Ko don ban iya komai ba sai riƙe alli?

Ka dube ni. Ka daɗe kana dubana. Sai ka ɗaura ta a goshi, a karkace, ka kunna. Inna ta ce ka zama babur mai ido ɗaya. Muka yi dariya mu uku. Ka ce, "To. Malama ta yi magana."

Ba ka ce a tafa ba. Sai yanzu na lura.

Amma ai irin tsohuwar fitilar tana nan a kowace kasuwa! Me ya hana ka sayo wata? Ka ajiye ta a gidan Baffa, ka cusa ta a buhun diga da shebur, ina zan sani? … Zan sani. Duk ƙarshen mako nake zuwa, in ajiye jaka in fara zagaye kamar mai duba-gari, in buɗe tukunya, in leƙa ƙarƙashin gado, in shinshina ɗakin kaya. Inna har ɓoye gishiri take in ta ji sallamata. Tun daga ƙofa zan jiyo kananzir a rigarka, in tsaya in riƙe ƙugu in ce ashe tawa ba ta yi ba. Ka san fuskar da zan yi. Ita ka guda? Don kada raina ya ɓaci na minti goma, ka sauka ramin da ya shekara bakwai a rufe?

Ko kuwa ba haka ba ne. Wataƙila mantuwa ce kawai, ko girma. Wataƙila kai ma tocilar ta shiga ranka, ta fi haske, ta fi sauƙi, ka gaji da tsugunon jiran lagwani. Ko da fitilar tana nan, mai shagon zai iya azalzalarku ku sauka ba gwaji. Zai yiwu ai? Ka ce min zai yiwu. Kai kaɗai ka san amsar, kuma ga tiyo a bakinka.

Inna ta dawo, fuskarta da danshi. Ta zauna a tsakaninmu, ta ga ledar, ta zaro rigar ta rungume. Ta ga tocilar. "Kayya, abar sonsa," ta ce, ta kama goge mata laka da bakin mayafi, a hankali, har cikin lungunan maɗaurin. Ba ta sani ba. Shekara arba'in tana jin "fitila ta ƙi," ita ma ba ta taɓa tambaya ba… ko ta sani? Inna ta iya shiru. Na saci kallonta, babu komai a fuskar sai gajiya. In gaya mata yanzu? Saura minti ashirin? Ko in jira? In ka tashi, wataƙila wata rana ya zama abin tsokanata, a riƙa cewa Malama ta sayar da mai gidan a sikeli. In ba ka… to ya zama me? Ni kuma in zama wa a gidan nan? In shigo da sallama, in wuce ta ƙarƙashin igiyar shanyar nan?

Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, tun ina 'yar ƙarama kake cewa lauya aka haifa maka. Na buɗe baki. Na ce Inna… Ta ce na'am. Na ce ki sha ruwa.

Huɗu saura biyar. Takun takalma. Likita ya shige da mutum biyu, ɗaya yana tura tebur mai taya, ƙarafa suna ƙara a kai. Ƙofa ta rufe. Ta sake buɗewa, nas ta leƙo. Mutum ɗaya, in ji ta, wanda zai tsaya kusa da kansa, wani lokacin muryar da suka sani tana taimakawa.

Na dubi Inna. Ita ce matarka, ita ta cancanta. Ta girgiza kai, ta kama damtsena ta tura ni gaba.

"Ke ki shiga. Ke ce yake jin maganarki."

Baffa ya kau da kai.

Na bi nas ciki. An miƙo min shuɗiyar riga, na zura ta a baibai, ba wanda ya gyara min. Sanyi. Fuu… tak. Fuu… tak. Ƙirjinka yana bin na'urar, sama, ƙasa, ba gardama. Ka ƙanƙance, Baba. Yaushe ka ƙanƙance haka? Akwai ƙujewa a goshinka, jan layi inda maɗaurin ya zauna, bai gama warkewa ba.

Nas ta nuna min inda zan tsaya. Ki yi masa magana, ta ce. Sai na ji ta taso, muryar nan tawa ta gaban aji, ta cika min baki — Baba ka ja numfashi, Baba ka buɗe ido, Baba ka yi abin da na ce maka — har ta kai bakin haƙora. Na haɗiye ta. Ta ƙi wucewa, na sake haɗiyewa. Ban san me ya dace da kai ba. Ban ma san ko na taɓa sani ba.

Na sunkuya daidai kunnenka. Abin da ya fito ƙanƙane ne, ni ma da ƙyar na ji shi. Ba don gani ba, ka ce… ka ƙarasa, Baba. Ina jin ka.

Likita ya ce wani abu. Hannu mai safa ya murɗa mahaɗin tiyon, ya raba shi. Wani ya danna maɓalli. Fuu ɗin ya tsaya.

Ɗakin ya yi tsit. Duk idanu suna kan ƙirjinka. Bai ɗaga ba. Bai ɗaga ba tukuna… nas ta duba agogo. Leɓenka na ƙasa, gefen tiyon — motsi ne, ko idona ne ya cika?

Ba zan katse ka ba. Ka yi a hankali, Baba, ba mai azalzalarka. Na yi shiru… ka gani, na yi shiru.